Boxer ko Haojue: Me Ake Karewa Idan Ana Musun Babur a Nima?

Mai Boxer ba ya cewa babur ɗinsa ya fi na kowa kyau. Ya san bai fi ba. Sirdi ne dogo shimfiɗaɗɗe, tanki ba ado, ƙarar ma ba ta da wani daɗi. Abin da zai ce maka shi ne, "Wannan ba ya kwana a wurin makanike." Mai Haojue kuma sai ya yi murmushi, ya ce a hau nasa a ji laushi, a kuma dawo bayan shekara uku a ga wanda fentinsa bai koɗe ba. Mai Royal ko Apsonic ya ce su duka biyun kuɗi ne ya yi musu yawa. In ka zauna a majalisar ataya a Nima ko Mamobi ko Fadama, unguwannin Zango na birnin Accra a Ghana, bayan isha'i, wannan musu yana iya cinye dahuwa ta ɗaya da ta biyu da ta uku ba a kai ƙarshe ba, kuma ba za ka taɓa jin wani ya miƙe ya ce an rinjaye shi ba.

Wanda ke kallo daga nesa zai ɗauka irin aƙidar ƙwallo ce, ta 'yan Hearts of Oak da 'yan Kotoko, inda yaro ke gadon ƙungiya a wurin mahaifinsa ya tsufa a kanta, ko tana ci ko ana cinta. Akwai bambanci babba. Mai goyon bayan ƙwallo ba ya rasa kuɗin cefane don ƙungiyarsa ta sha kashi. Mai babur kuwa in zaɓinsa ya ci amanarsa, tukunyar gidansa ce za ta fara ji. A ganina, idan mutumin Zango yana kare sunan da ke jikin tankinsa, ba kamfanin yake karewa ba, domin bai san kamfanin ba, kamfanin ma bai san da zamansa ba. Mutanen da suka taru a bayan wannan suna yake karewa: makanikensa, mai sayar masa da kayan gyara, ubangidan da ya ba shi babur ɗin, da abokan da suke hawa iri ɗaya. Sai kuma irin tuƙin da jikinsa ya saba da shi.

Mu fara da ƙarfen kansa. A 1975 kamfanin Honda ya fitar da CG125. Kafin nan injiniyoyinsa sun zaga wasu ƙasashen kudu maso gabashin Asiya sun ga yadda talaka ke amfani da babur: a ɗora mutum uku ko huɗu, a labta kaya, baƙin mai ba a canza shi sai ya yi kauri, ba a zuwa wurin gyara sai babur ya tsaya cak. Maimakon su tsaya yi wa mutane wa'azin kula da inji, sai suka ƙera injin da zai jure rashin kula. Wannan inji ne masana'antun ƙasar Sin suka kwaikwaya suka yi ta bugawa da sunaye barkatai, kuma da yawa daga baburan da ke kai-komo tsakanin Circle da Madina jikokinsa ne, ko mene ne aka rubuta a tanki. Shi ya sa za ka ga makanike ya ciro fistin daga kwali mai wani suna ya sa a babur mai wani suna dabam, ya zauna daram.

Ko a manyan sunaye ma dangantakar ta sarƙe. Kamfanin da ke yin Haojue a birnin Jiangmen ya daɗe yana aiki da Suzuki, yana ƙera masa ƙananan babura, kuma daga nan tinƙahon masu Haojue ya samo asali. Bajaj na garin Pune a Indiya, mai Boxer, shi ke haɗa ƙananan KTM Duke a masana'antarsa ta Chakan. TVS, shi ma na Indiya, shi ya ƙera BMW G 310 a Hosur, kuma a 2020 ya sayi tsohon kamfanin nan na Ingila, Norton. Saboda haka saurayin da ya faka ƙaramin BMW yana yi wa ɗan okada mai TVS kallon raini, hannun kamfani ɗaya ne ya haɗa baburan nasu. Ba wai duk ɗaya suke ba. Zane ɗaya na iya fitowa da ƙarfe mai kyau a wannan masana'anta, ya fito da na banza a waccan, kuma wayoyin wuta da fenti da shokozoba ba sa ɓoye gaskiya bayan damina biyu. Sai dai wannan bambanci bai kai girman hayaniyar da ake yi a kansa ba.

In kana son ganin inda aƙidar take ƙulluwa, tsaya a rumfar makanike a bakin babbar gotar Nima. Kwano ne a kan sanduna huɗu, ƙasa ta yi baƙi ƙirin da mai, ga benci, ga yara biyu suna wanke kafireta a cikin gwangwani. Ɗan okada ya turo babur yana gumi. Masta, mai rumfar, bai ma tashi daga inda yake ba.

"Tayar in ji."

Aka buga sau uku, ya yi tari ya mutu.

"Fulogi ne. Kai, ruga wurin Alhaji ka karɓo, ka ce mai kyan nake so, ba irin na jiya ba."

Kafin mai koko ta juye wa yaran nasu, an gama. Ɗan okada ya sosa ƙeya ya ce, "Masta, wallahi yau ko fasinja biyu ban ɗauka ba." Masta ya ce, "Je ka, ka kawo da yamma." Can sai ga wani ya zo da babur ɗin da ba a saba gani a layin ba. A nan Masta zai miƙe, ya zagaya shi, ya durƙusa, ya ce, "Ɗan'uwa, wannan sai an leƙa kasuwar babura ta Caprice. In ba a samu ba, sai an aika Lome." Mako guda ke nan babur yana jingine. Na farko ya rasa rabin sa'a, kuma an ba shi bashi. Na biyu ya rasa abincin mako. Duk wanda ke zaune a kan bencin nan ya ga abin da ya faru, kuma ranar da zai sayi nasa ba ya bukatar a karanta masa takardar talla.

Daga nan abin yake zagayawa da kansa. Irin da ya yi yawa a unguwa, shi masu shaguna ke sarin kayansa. Wanda kayansa ke kusa, shi yaran makanike ke koyon gyara a kai. Wanda kowa ya iya gyarawa, shi ke da daraja in an tashi sayarwa, wanda ke da daraja kuma shi ake ƙara saya. Wannan ne ya sa aƙidar take bin gari. A Legas da Kampala sunan Boxer ya kafu a wurin masu haya. A Lome, wurin 'yan zemijan, wato 'yan okadan can, baburan Sin irin su Haojue da Sanya da Apsonic ne suka cika titi, kuma Accra ba ta da nisa da Aflao, garin kan iyaka da ke manne da Lome. A arewacin Ghana, inda babur ya zama ƙafar kowa, akwai sunaye irin su Luojia da mutanen can suka amince da su. Yaron da ya taso a Bawku ko Wa ko Tamale ya sauko Accra neman kuɗi, da aƙidarsa yake saukowa, ya zauna a majalisa ɗaya da wanda ya yi zama a Legas. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, kuma kowannensu gaskiya yake faɗa game da garin da ya baro.

Akwai kuma maganar da ba a cika faɗa da ƙarfi ba: babur asusu ne. Dokar hayar gida ta Ghana ta ce kada mai gida ya karɓi fiye da kuɗin wata shida a gaba, amma kowa ya san a Accra shekara ɗaya ko biyu ake nema a dunƙule. Ga haihuwa da suna, ga asibiti, ga rasuwa a gida da za ta sa mutum ya kama hanyar arewa cikin dare. A irin wannan rana babur mai sanannen suna yana zama kuɗi kafin la'asar. Baƙon suna kuwa sai ya yi mako yana jiran mai taya, a ƙarshe a saye shi da wulaƙanci. Mutumin da ke ƙara kuɗi don ya sayi abin da kowa ke hawa, yana sayen sauƙin rabuwa da shi ne tun ranar farko.

Sannan yawancin 'yan okada ba su ne suka zaɓi baburansu na farko ba. Tsarin da ya yaɗu shi ne wani mai hali ya saya ya ba ka, kana biya mako-mako har ka cika adadin da aka yanka, wanda ya haura kuɗin saye nesa ba kusa ba, daga nan babur ya zama naka. Mai kuɗin abu ɗaya yake so, babur ɗin da ba zai mutu ba kafin a gama biya. Shi kuma yaron da ya yi shekara yana kai kuɗi duk Juma'a, ya gama, ya karɓi takardu, ya yi aure daga wannan ƙarfe, ta ina za ka zo ka ce masa babur ɗin ba shi da kyau? Tarihinsa kake zagi. An ce sabo turken wawa, amma wannan sabon da lissafi a cikinsa. A 2022, lokacin da sidi, kuɗin Ghana, ya faɗi warwas, hauhawar farashi ta haura kashi 54 cikin ɗari a watan Disamba, lissafin ya ƙara fitowa fili. Musun ya bar maganar kyau da gudu ya koma kan tambaya ɗaya, wanne ne ba ya shan mai. Kayan jabu suka ƙara samun kasuwa, amanar mutane ta ƙara rataya a wuyan mai shagon da zai gaya maka gaskiya cewa wannan sarƙar ba za ta kai wata uku ba.

To amma in aka tsaya a nan an rage wa maganar gishiri. Masu rubutu kan okada kusan kullum haɗari da rashin aikin yi suke gani, su manta cewa hawa babur akwai daɗi, kuma daɗin ba iri ɗaya ba ne.

Daɗin ɗan okada a cikin cunkoso yake. Ka duba shi tsakanin Kaneshie da Circle da ƙarfe biyar na yamma. Ba gudu yake yi ba, sau da yawa mai sauri a ƙafa ma zai iya jerawa da shi. Yatsu biyu a kan kuloci, ƙafar dama tana shafar birki, gwiwoyi a matse. Idonsa ba ya kan motar da ke gabansa, yana kan tayarta ta gaba, don ita ke fara faɗin inda direba zai karya. Ya san wace trotro, wato bas ɗin haya, ce yaron motarta zai banko ƙofa ba sallama, ya san wace mai tallar ruwa ce za ta ɓullo daga tsakanin motoci biyu. Ratar da kai kake gani ba za ta shiga ba, shi ya riga ya auna ta da faɗin kan babur ɗinsa. Wannan gwaninta ce ta gaske, kuma akwai wani farin ciki na wuce motoci ɗari masu na'urar sanyi suna tsaye kai kana tafiya. Abin da irin wannan tuƙi ke bukata shi ne babur mara nauyi, siriri, mai sirdi ƙasa-ƙasa da kuloci mai laushi, wanda ke juyawa a ɗan wuri. Ƙarfin inji ba ya ƙara masa komai. Ba na kare masu tsallake jan wuta da masu hawa inda 'yan ƙafa ke bi, waɗannan su suka ja wa sana'ar baƙin jini, kuma 'yan'uwansu sun fi kowa sani.

Dattijo kuma nasa daban. Ya tattare babbar riga ya cusa a tsakanin cinyoyi, ya nufi masallaci ko kasuwa a hankali, yana ɗaga hannu ana gaisawa. Irin babur ɗinsa shi ne mai buɗaɗɗen tsakiya, wanda ba a matsa masa kuloci da hannu, zuriyar Honda Super Cub da ya fito a 1958, wanda a 2017 aka cika miliyan 100 da ƙera shi. Irinsa ne matan Tamale da Bolgatanga ke hawa zuwa kasuwa da goyo a baya, wanda ake kira mapuka, abin da a can ba ya sa kowa ya waiga amma a Accra har yanzu ana ɗan kallo. Daɗin wannan hawa shi ne iska da rashin jiran mota. In ka tambayi dattijon me ya sa bai canza ba, zai ce bai taɓa kunyata shi ba, ya ci gaba da jan carbinsa.

Sai masu manyan babura, waɗanda akasari na hannu ne da ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Tema: Yamaha R1 da R6, Honda CBR, Suzuki GSX-R, Kawasaki Ninja. Ranarsu Lahadi da safe, kafin masu zuwa coci su cika hanya. A wuce Madina da Adenta, a kai Ayi Mensah, a fara hawan dutsen zuwa Peduase da Aburi. A nan ne kwana ke bin kwana, mutum ya kwanta a kan tanki, ya karkata jiki, ya ji babur ya bi shi kamar tun da can ya san abin da ke ransa. Injin mai silinda huɗu yana da wata ƙara da ke sirancewa in an murɗa totur, wadda masu ita ke ganewa daga nesa ba tare da sun ga babur ɗin ba. Masu Honda na cewa nasu ya fi natsuwa, masu Yamaha su ce nasu ya fi kaifi, masu Kawasaki kuma kore kawai suke so su gani. Abin dariyar shi ne ƙasar ba ta da filin da waɗannan injina za su miƙe ƙafa. Suzuki Hayabusa da ya fito a 1999 an san shi da taɓa kilomita 300 a sa'a. Babbar hanyar Accra zuwa Tema, wadda aka buɗe a 1965, tsawonta kilomita 19 ne kacal, iyakar gudun da doka ta yarda a kanta kuma 100. Rabin rayuwar babban babur a Accra a giya ta ɗaya da ta biyu take ƙarewa, yana tafasa a goslo na Tetteh Quarshie, mai shi yana gasuwa cikin rigar fata, 'yan okada suna wuce shi ta hagu da dama.

A ƙasashen da suka ƙirƙiro wannan al'ada, kamfani ne ke gina aƙidar da kuɗinsa. Harley-Davidson, wanda aka kafa a Milwaukee ta Amurka a 1903, ya buɗe ƙungiyar masu baburansa a 1983, da taruka da riguna da tambari, har ta kai mutane na zana sunan kamfanin a fatar jikinsu. A 1994 ma ya nemi a yi masa rajistar ƙarar injinsa a matsayin mallakinsa, aka yi shekara shida ana ja, ya janye a 2000. Abin da yake sayarwa salon zama ne, a jingina baya, a miƙe ƙafa gaba, a tafi ba gaggawa ana jin bugun inji a ƙirji. Mai tsohon R6 a Accra ba shi da kamfanin da ke shirya masa biki. Abin da yake da shi zauren WhatsApp ne. A cikinsa akwai wanda ya san makanike ɗaya tilo da ya iya na'urar feshin mai ta zamani, akwai wanda ke tafiya waje ya dawo da takalman birki a cikin akwati, akwai wanda ke da mataccen babur irin naka da za a ciri kaya a jikinsa. Sabon shiga kuma yakan sayi irin na babban yayan ƙungiya. In ka cire rigar fata da tsadar, lissafin rumfar Nima ne ya sake dawowa.

Salon da nake ganin ya fi dacewa da ƙasar nan, kuma aka fi raina shi a birni, shi ne na dogon babur mai tsayin ƙafa da tayoyi masu haƙora, wanda ake kira jangul. Malaman gona da ma'aikatan lafiya na karkara sun daɗe da sanin darajar irin su Yamaha AG, domin inda kwalta ta ƙare nan aikinsu ke farawa. Tuƙinsa a tsaye ake yi in hanya ta lalace, gwiwa ta zama shokozoba, a bar tayar baya ta ɗan yi wasa a cikin jar ƙasa ba tare da an firgita ba. Bahaushe ma yana da ɗan rabo a tarihin wannan salo: Yamaha Ténéré, da ya fara fitowa a 1983 daga gogewar tseren Paris zuwa Dakar, sunan hamadar da ke gabashin Agadas a Nijar ya ɗauka. Wanda ya taɓa ɗaure jaka a baya ya kama hanyar Tamale, wajen kilomita 600 ta Kumasi da Techiman da Kintampo, ya ga yadda kurmi ke sirancewa har kaɗanya ta fara bayyana, ba ya sake shiga musun wanne ya fi gudu. Tambayarsa ita ce wanne ne sirdinsa ba ya kashe ƙugu, kuma wanne ne za a iya gyarawa a ƙaramin gari na kan hanya irin Buipe.

Yanzu sai abin da ba a iya tsallakewa, ranar Sallah. Ana saukowa daga idi, titin Nima da na Kanda sukan koma hannun samari. An cire salansa, an hau mutum uku, wani ya ɗaga ƙafar gaba yana tafiya a kan taya ɗaya, wani ya miƙe tsaye a kan sirdi, 'yanmata na ihu a gefe. Kowace shekara limamai suna jan kunne a huɗuba, 'yan sanda suna gargaɗi, kuma kowace shekara akwai gidan da ke ƙarasa Sallarsa a asibiti ko a maƙabarta. An yi ta cewa rashin tarbiyya ne. Akwai wannan, amma bai bayyana dalilin da ya sa sai ranar Sallah ba. Mu mutane ne da Sallarsu ta saba da hawa. Kakanninmu da suka zo da fataucin goro sun baro garuruwan da ake hawan Sallah, inda saurayi ke sako doki a guje ya ja linzami a gaban Sarki ya ɗaga hannu a yi jinjina, kuma har yau wasu sarakunan Zango suna fitowa a kan doki. Yaron da ba shi da doki ya sami babur. Buƙatar ɗaya ce, a gan shi, a san ya isa. Abin da ya ɓace shi ne tsarin. Hawan doki yana da fili, yana da jeri, yana da manya masu tsawatarwa, kuma ba a yinsa a tsakiyar mata da yara masu tsallaka titi.

Ɗaga babur a riƙe shi a kan taya ɗaya ba hauka ba ne zalla. Akwai wani ma'auni da ake nema tsakanin totur da birkin baya, wanda in ka wuce shi kaɗan ƙeya ce za ta sha kwalta, kuma a wasu ƙasashe wasa ne mai gasa da alƙalai, a killataccen wuri, da hular kwano da kariyar gwiwa. Shekarun da aka yi ana wa'azi da kame ba su kashe sha'awar ba. Da shugabannin unguwa da hukuma za su ware fili ranar Sallah, a sa sharaɗi, ba hula ba shiga, ba goyo, manyan mahaya su tsaya a kai, ina ganin da an rage makoki fiye da yadda bulala ta rage. Ga kuma wani abin lura: a wannan rana ba wanda ke maganar Boxer ko Haojue. Galibin baburan da ake azabtarwa na aro ne, ko na haya, ko waɗanda ba a gama biya ba, mai su yana gida yana cin naman Sallah bai sani ba. Wanda ya gama biyan nasa da guminsa, da wuya ka gan shi yana ɗaga shi sama. Haka kuma a duk musun da ake yi a majalisa ban ji ana jayayya kan wace hular kwano ce ta fi inganci ba. Mutum zai yi wata yana bincike kan inji, ya sayi hular da in ta faɗo daga kan benci sai ta tsage, ya rataye ta a hannun babur don 'yan sanda.

Abubuwa biyu ne nake ganin za su girgiza wannan tsari. Na farko doka. Ƙa'idojin hanya na 2012, wato L.I. 2180, a sashe na 128, sun haramta ɗaukar fasinja a babur don kuɗi, amma sana'ar ta ci gaba da bunƙasa a gaban idon kowa. John Mahama ya yi alƙawarin halatta ta a yaƙin zaɓen 2020, ya maimaita a na 2024, kuma da ya dawo mulki gwamnatinsa ta ɗauko gyaran dokar a 2025, da sharuɗɗa irin su lasisi na musamman da shiga ƙungiya ko kamfani. Sana'ar da ta fito daga ɓoye tana jawo masu manyan kuɗi. Kamfanin da zai sayi babura ɗari biyar a lokaci ɗaya ya raba wa matasa bashi ba zai tambayi Masta ra'ayinsa ba, da dila zai zauna. Zaɓin da yake hannun Alhajin unguwa zai koma ofis.

Na biyu babur mai lantarki. A Accra akwai kamfanin Kofa da ke da wuraren musayar batir, a Togo da Benin kuma Spiro ya baza nasa. Ga ɗan okada lissafin yana da jan hankali, ba fetur, ba baƙin mai, ba fulogi, ba kafireta. Amma batirin wannan kamfani ba ya shiga tashar wancan, saboda haka a karon farko sunan da ke jikin babur zai ɗaure mutum da kamfanin da gaske, kullum, ko yana so ko ba ya so. Kunnen Masta, wanda ke gane ciwon inji daga tari ɗaya, ba shi da abin saurare a babur ɗin da ba ya ƙara. Tambayoyin da mahaya ke yi idan aka kawo musu tallarsa ba su wuce biyu ba: in ya tsaya mini a Kasoa da dare wa zan kira, in kuma na tashi sayarwa wa zai saya? Idan waɗannan kamfanoni suka ɗauki yaran rumfunan Nima da Ashaiman suka koya musu gyaran, suka bar kayan gyara suka shiga shagunan unguwa, za su sami masu yi musu talla kyauta. Idan kuwa suka rufe gyaran a cikin garejinsu, sun mayar da kowane makanike abokin gaba, kuma shi ne mutumin da ake tambaya kafin a sayi babur.